Ajiyar da Ba Ta Jira Kaka Ba

Shekarar da aka canza kuɗi ce, lokacin da mutum zai ja akuyarsa zuwa kasuwar Ɗanbatta ya dawo da ita, don babu mai takardar kuɗi a hannu. Kafin shuka ta yi ƙwari man fetur ya tashi, dala ta bi shi. Matata kuwa ta rasu tun daminar da ta gabata, ta bar mini yarinya guda da ba a daɗe da yaye ta ba.

Ina da rabo a wani shago a bakin titin garinmu. Ni na sayar da sa guda na zuba kuɗi, ƙanin matata ya zuba ilimi, don shi ya yi kwaleji a Bici. Muna ɗaukar hoton fasfo da na biki da na suna, muna buga wa mutane takardu, muna cajin waya. Aikina tayar da janareto da karɓar wayoyi. Kwamfuta tasa ce, ba na taɓa ta. A lokacin ban iya karatun boko ba.

Da matata take kwance a asibiti a Kano, ni ina gida saboda gona da yarinya, ƙanin nata ne yake zaune da ita. Ba ta iya rubutu ba, ni ma haka, sai ta riƙa aiko mini da saƙon murya. Ba wasu manyan maganganu ba ne. Ka duba tunkiyar nan mai ɗingishi. Kada a ba yarinya fura mai tsami. Akwai wanda ta fara magana dariya ta ƙwace mata, saboda wani abu da matar gadon kusa da ita ta faɗa. Akwai wanda ta yi shiru ana jin numfashinta, can ta ce, "To, na manta abin da zan ce." Bayan rasuwarta na ƙudura cewa idan yarinyar ta yi wayo zan zaunar da ita ta ji muryar uwarta. Ban da wannan ba ni da abin da zan ba ta.

Da kuɗi suka ɓace a gari, dole ta sa na ba da wayata aka ba ni taki. Kafin in ba da ita, ƙanin matata ya kwashe saƙonnin ya zuba a kwamfutar shago.

Na ce, "Idan wannan akwatin naka ya mutu fa?"

Ya ce, "Yaya, kai da kake gudun kwamfuta kamar ka ga kunama, yau kai ne mai tambaya a kanta? Ka ɗauka rumbu ce. Rumbu yana cin wuta, shi ya sa muke da na biyu a hannun wani kamfani a ƙasar waje. Duk abin da na zuba nan, kafin yamma ya isa can."

"Kyauta?"

"Wa ya taɓa ba ka kyauta in ban da yayata da aka ba ka?"

Na jefe shi da hula. Sannan ya yi mini bayani. Ana biyan lasisi ne shekara-shekara, da dala. Akwai kuɗin kowace kwamfuta, akwai na yawan abin da ka ajiye, kuma ranar da kake son a dawo maka da kayanka gaba ɗaya, nan ma da ɗan abin da za ka biya. Mu muna kan mafi ƙanƙanta, wanda kuɗin ɗan rago yake biya.

Sanarwar sabuntawa ta zo ana tsakiyar noman farko, lokacin da kowa rumbunsa ya yi ƙasa. Kamfanin ya soke ƙaramin tsarin da muke kai. Mafi araha yanzu na masu kwamfutoci da yawa ne, mu kuwa guda muke da ita, amma sai mun biya na waɗanda ba mu da su. Ga dala ta haukace. Katin banki ma ya daina biyan kuɗin waje, sai an bi ta hannun wani a Kano, shi ma ya ɗora nasa. Abin da rago yake biya ya koma sai maraƙi.

A wajenmu babu wanda yake biyan babban abu da damina. Mai garma yana jiran kaka, mai taki yana jiran kaka, tela ma haka. Abin da ake so kawai ka je da ƙafarka ka yi ban haƙuri, kada a neme ka a rasa. Ajiya kuwa ta fi wannan nauyi. Na tashi na ga dammunan geron wani maƙwabcinmu a rumbun mahaifina. Mutumin ya tafi ci-rani Kudu bai dawo ba sai bayan shekaru, muka sha yunwa a tsakani, mahaifina bai zare ko zangarniya ɗaya ba.

Wani dattijo mahauci da yake zama a bencin ƙofar shagonmu ya ji muna maganar, ya ce, "Ku ma dai da neman wahala. Ku aika musu ku ce sai kaka. Mutum ya karɓi ajiya ya zubar? A wace ƙasa?"

Haka muka yi. Ni na faɗi abin da za a rubuta, ƙanin matata ya mayar da shi Turanci. Na ce a fara da gaisuwa, a tambayi iyalinsu, a gaya musu halin da ake ciki, a ce da zarar an cire gyaɗa za su ga kuɗinsu. Ko shayinmu bai huce ba amsa ta dawo. Ya karanta mini: sun gode, saƙonmu ya iso.

Na ce, "Ka gani? Mutanen kirki."

Ya ce, "Yaya, ina jin ba mutum ne ya amsa ba. Na'ura ce."

Mahauci ya ce, "Na'ura ce take godiya? Kai ɗan boko, bokon ya fara yi maka yawa."

Muka yi dariya, ƙanin matata ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ko da ya nace, babu maraƙin da za a sayar.

Cikin marka, wata rana da la'asar, iska ta ɗage kwanon shagon ruwa ya sauka a kan teburin. Mai gyara a Kano ya buɗe kwamfutar, ya ce ɓangaren da yake riƙe ajiya ya ƙone, ba ya tashi. Raina ya ɓaci saboda asarar, amma hankalina bai tashi ba. Ai muna da rumbu na biyu.

Da kaka ta yi na cika alkawari. Na sayar da gyaɗa, muka shiga mota zuwa Kano, muka biya ta hannun mutumin nan mai biyan kuɗin waje. A shagonsa ƙanin matata ya buɗe ma'ajiyar tamu. Ina tsaye a bayansa. Ban iya karatu ba, amma na san farin allo idan na gan shi. Sun karɓi kuɗin, sun buɗe mana wuri sabo fes, babu komai a ciki. Ya rubuta musu, wannan karon mutum ya amsa. Ya ce a cikin sharuɗɗan da muka amince da su tun farko an rubuta cewa idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, ana share komai. Ya ce suna ba mu haƙuri.

Muka shiga mota muka koma gida. Tun daga ranar ƙanin matata bai sake tsokanata ba. Yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Na sha gaya masa babu laifinsa, sai ya ce, "Na sani, Yaya," ya sunkuyar da kai. Yayarsa ce shi ma, kuma shi ne ya riƙe mata wayar tana magana.

Da farko muryar tana nan a kunnena. Ina cikin gona da rana tsaka sai in ji ta ce in duba tunkiya, har in juya. Daga baya ta fara gauraya. In kira ta a raina, sai muryar ƙanwarta ta zo, ko ta wata mata da nake ji a rediyo. Dariyar ce ta fara tafiya. Na san ta yi dariya a saƙon nan, na san dalili, amma sautin ya ƙi zuwa.

Wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya fara faɗawa, na zauna na rubuta maganganunta yadda na tuna su, kafin su ma su bi sautin. Da yarinyar ta yi wayo na zaunar da ita kamar yadda na ƙudura, na karanta mata a hankali. Ta saurara har ƙarshe, ba ta motsa ba. Sannan ta ce, "Baba, ai wannan muryarka ce."

Har yanzu mutane suna tsayawa a shagon su tambayi hoton mahaifinsu ko na ranar aurensu, mu ce babu. Abin da ya tafi shi ne: hotunan biki da suna na ƙauyuka huɗu, hotunan fasfo na tsofaffi da yawa waɗanda ba su da wani hoton a duniya, takardun da muka buga wa mutane tun buɗe shago, hoton matata guda biyu, da saƙonninta na murya goma sha ɗaya.