Lemo a Sama, Kwabbai a Ƙasa

Shekarun baya can, tun ina budurwa a gidanmu na Makera a Kaduna, ni ce 'yar dakon mahaifina. Ba wanda ya naɗa ni, ni ce dai auta, kuma ba ni da wanda zan tura. Wasu cikinku sun sha tsokanata cewa idan na je gidan mutane ina ƙanƙame jaka kamar wadda za a yi wa fashi. To yau ga dalilin.

Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da aka rufe masaƙar bai fito da mota ba, bai fito da fili ba, abin da ya tsira da shi tsofaffin kuɗi ne. Tun yana saurayi yake tara su: anini, ɗari, kwabo mai huda, taro, sisi, sule, fataka, har da wuri irin na zamanin kakanni. Abokan aikinsa daga ko'ina suke, duk wanda ya je garinsu hutu sai ya tono masa wani a ƙasan adakar tsohuwarsa. Kowane ɗaya Baba zai naɗe shi a ƙyalle ya ɗaure da zare, jan ƙyalle na zamanin Turawa, baƙi na bayan samun 'yanci. Mahaifiyata takan ce, “Malam, kuɗin da ba ya sayen gishiri ai ƙarfe ne.” Sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗaurinsa. Bayan la'asar kan tabarma ne ofishinsa, yana kwancewa yana gogewa yana ɗaurewa. Tun da aka sallame su daga aiki ban ga abin da yake sa shi ɗoki ba in ba kuɗin nan ba.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, wani anini da aka buga da sunan wani sarkin Turawa da bai daɗe a kan mulki ba. Ya ce ranar da ya same shi jerin jajayen ƙyallayensa ya cika.

Wata damina wani tsohon abokin aikinsa da ke Narayi ya kawo masa labari za a yi baje kolin tsofaffin kuɗi a wani babban ɗakin taro a Barnawa, masu sayarwa za su zo daga Kano da Legas har da Nijar. Baba ya ce da kayansa gaba ɗaya zai je, don ya kwatanta, kuma masana su gani. Na ɗauko masa jakata ta makaranta mai kyau, ya girgiza kai.

“Jaka mai kyau kiran ɓarawo take,” in ji shi. “Kawo min ta cefane.”

Ya jera ƙulle-ƙullensa a ƙasan tsohuwar jakar cefanen mahaifiyata, ya shimfiɗa tsumma, sannan ya cika saman da lemo. Dabarar ta burge shi ƙwarai. Ya ce lemon zai yi gadi a hanya, in mun taso kuma mu biya mu duba surukin yayata da ke kwance ba lafiya, tunda gidansu kusa da wurin yake, sai mu juye lemon a leda mu ba su. Ya kuma kafa min dokoki: ba a rataya jakar ta baya, ba a ajiye ta ƙasa sai ƙafata na cikin hannunta, kuma ko waye ya ce in kawo ya taya ni, in ce na gode.

Wanda bai taɓa ɗaukar ƙarfe a jakar cefane ba, bai san dako ba. Kafin mu sauka daga keke mai ƙafa uku kafaɗata ta fara magana. A ƙofar ɗakin taron mai gadi ya leƙa jakar ya ce, “Baba, nan ba kasuwar lemo ba ce.” Baba ya ɗaga tsumman ya nuna masa, yana dariya kamar wanda ya ci gasa. A ciki kuwa kowa da shirinsa, masu jakar goyo, masu akwati mai taya, masu littattafan roba da kowane kwabo ke da ɗakinsa. Ni kaɗai ce ke jan jiki tsakanin tebura da lemo, a karkace kamar mai ciwon haƙarƙari. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Amma da Baba ya kwance ƙullinsa a kan teburin wani dattijo ɗan Kano, mutane suka zagaye shi, ana “Malam, ina ka samo wannan?”, sai na ga fuskar da rabona da ita tun yana zuwa aiki.

Kuma ya samu aninin. A teburin wani ɗan Nijar ya gan shi, nan take ya saya. Bai ba ni in sa a jaka ba, ya ce ba ya buɗe ta cikin cunkoso, sai ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa.

Daga nan muka nufi gidan surukan. Shirinmu mu tsaya a waje mu juye lemon, amma muna sauka sai ga Hajiya, uwar mijin yayata, ta rako baƙi bakin ƙofa. Ta tarbe mu da murna, kafin in ankara ta zare jakar daga kafaɗata, yadda kowace uwa take karɓar kayan baƙo.

“Kai, wannan nauyi haka! Malam, har da ɗawainiya? Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci.”

Na buɗe baki. Baba ya kalle ni kallo ɗaya, na rufe. Da kunnena na ji shi ya ce, “Ba komai Hajiya, a yi haƙuri, ba yawa.”

Muka duba marar lafiya, muka yi addu'a, muka fito hannu rabbana. A cikin keke na ce, “Baba, bari in koma in ce mantuwa aka yi.” Ya ce, “Surukai sun yi godiya sun sa albarka, sannan in aika a ce a dawo da jaka? Ba zan yi amai in lashe ba. Za su buɗe su gani, da kansu za su aiko.”

Ba su aiko ba. Baba ya riƙa shimfiɗa tabarmarsa bayan la'asar yana zaune hannu ba komai, duk sallamar da aka yi sai ya ɗaga kai. Mahaifiyata ta ce a kira yayata a waya a faɗa mata, ya hana, wai kada a jefa yarinya tsakanin iyayenta da surukanta. Ni kuwa haushi ya ishe ni, har da shi nake jin haushi, Allah ya yafe min.

Yayata ce ta zo da kanta daga Kamazou, idanu a kumbure. Ta ce kwana biyu ta ga fuskar uwar mijinta ta canza mata, sai da ta matsa wa mijinta ya faɗa mata abin da ya faru. Ashe ranar da muka je, jikin tsohon ya tashi da yamma. Washegari Hajiya ta zo ɗibar lemo, ta ɗaga tsumma, ta ga ƙulle-ƙulle ja da baƙi an ɗaure da zare. Ta kwance ɗaya ta ga wuri, ta kwance wani ta ga kwabo mai huda. Maƙwabciyarta ta ce kada ta ƙara taɓawa, wannan sammu ne, kuma ba abin da ke karya irinsa sai ruwa mai gudu. Kafin azahar an kai jakar gadar kogin Kaduna an sake ta, da lemon da komai. Su ma kunya ce ta hana su tambaya, wai ta yaya za su dubi idon suruki su ce mene ne wannan ka kawo mana.

Da gaskiya ta fito, Hajiya ta zo har gida tana kuka tana neman gafara. Baba ya ce, “Haba Hajiya, ba komai, ai ƙarafa ne.” Mahaifiyata, mai wannan kalmar, ita ce ta tashi ta shige ɗaki, muna jin sheshsheƙarta.

Bayan 'yan kwanaki ya ce in raka shi gadar. Kogin ya cika ya batse, ruwan ja wur, ba abin da ake gani sai ciyayi da robobi suna wucewa. Ya daɗe yana kallo, motoci na wucewa ta bayanmu. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da aninin nan.

“Kin ga wanda nake nema,” ya ce. “Ga shi na samu.”

Na ɗauka jefawa zai yi. Sai ya kamo hannuna ya sa min shi a tafin hannu. “Riƙe min, 'yar dako. Wannan ba shi da nauyi.”

Bai ƙara tara ko ɗaya ba. Abokinsa na Narayi ya kawo masa sisi biyu don ya sake farawa, ya yi godiya ya mayar masa. Tabarmar la'asar ma ya daina shimfiɗa ta, ya koma zaman ɗaki, har Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ci min rai. Da ɓarawo ne ya fizge, da na samu wanda zan tsine wa. Amma mutanen kirki ne a ɓangare biyu, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa, magana ɗaya tak ta gagare su. An ce garin neman gira a rasa ido, mu kuwa idon muka miƙa da hannu biyu, aka yi mana godiya. Shi ya sa yanzu tun daga bakin ƙofa nake cewa, “Wannan ledar taku ce, wannan jakar tawa ce.” An ce ba ni da kara, na yarda.

Aninin yana cikin jakata har yau, ban naɗe shi a ƙyalle ba, don ban iya ɗaurin Baba ba. Duk lokacin da keke ya hau gadar nan da ni, sai in laluba in ji yana nan, in kawar da kaina daga gefen ruwan.