Ranar da Fiyano Ya Kusa Kashe Mai Guɗa

Akwai wata Asabar da ba zan manta ba har in mutu, ranar yinin bikin 'yar wani dillalin masara a Malumfashi. Lokacin na shekara goma sha huɗu ina kaɗa fiyano a ƙungiyar Alhaji Sabo mawaƙi, nan Funtuwa. Tsarin aikinmu shi ne Alhaji ya yi baiti, 'yan amshi su karɓa, mai fiyano ya sauke kiɗa.

Ana saura sati guda, Alhaji ya kawo wani Malam Nura, riƙe da takardar shaidar karatun kiɗa a leda. Ya ce za a gwada shi ranar bikin, in ya yi, kujerata ta zama tasa.

Malam Nura ya zaunar da ni wai zai koya mini wani abu mai dogon sunan Turanci.

"Yatsu uku kake dannawa, ko? To ɗaga na tsakiya, ka matsar da shi gaba taki ɗaya. Ka ji? Ba farin ciki, ba baƙin ciki. Kunne na jiran ya sauko."

Na ce, "Malam, mu rataye muke ce masa. Tun kana yawo ba wando nake yinsa. Amma ai ana mayar da yatsan gida."

Ya ce, "Wannan tsohon yayi ne. Yanzu a sama ake barin waƙa."

Abin da ba a rubuta masa a takarda ba shi ne Inna Tabawa mai guɗa. Ita in kiɗa ya ɗaga take ɗaukar guɗa, kuma ba ta saki sai ya sauka. In ta saki kafin nan, gobe a ce ta tsufa.

Ranar bikin, bayan la'asar, Alhaji ya kai ƙarshen baitin amarya. Gogan naku Malam Nura ya danna rataye, ya lumshe ido yana kaɗa kai kamar mai shan romon kan rago. Inna ta kama hanci ta ɗauka. Ta ja, ta ƙara ja. Na tabbata da mutum ya hau mashin a lokacin, da ya je Ƙafur ya dawo. Idanunta suka firfito, ɗankwali ya zame, uwar amarya tana tsakiyar filin rawa da ƙafa ɗaya a sama.

Na zura hannu ta ƙarƙashin hammatarsa na ture yatsan. Kiɗa ya sauka, Inna ta zube a kujera.

Da ta sha ruwa ta ce, "Alhaji, wane ɗan banza ne a kan fiyano?"

"Baƙo ne, Inna."

"To in na sake ganinsa, ku nemi mai yi muku guɗa."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗanlami, me kake jira? Zauna mana."

Don haka ku masu tasowa, ku koyi rataye, yana da daɗi. Amma kafin ku riƙe shi, ku ɗaga kai ku duba fili, don akwai wadda ke riƙe da numfashinta tana jiran yatsanku.