Gaisuwar da Muka Hana Tsohuwa

Ranar da aka fito da gawar ƙawata da ta 'ya'yanta biyu daga gidansu a Badarawa, ina cikin matan da suka yi musu wanka. Washegari 'yan sanda suka tafi da mijin, aka ce shi ake zargi da kashe su. Har yau maganar tana kotu, yau a ɗaga, gobe a ɗaga, ni dai ban san gaskiyarta ba. Amma a lokacin, wallahi tuni na yanke masa hukunci, na haɗa da danginsa kakaf.

A Malali aka yi zaman makoki, gidan iyayenta. Can muka tare, kowa da kular abincinta. Uwar mijin kuwa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan layinmu, ita ma ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi ta zauna jiran masu gaisuwa. Ko mutum ɗaya bai leƙa ba. Ni da bakina na ce duk wadda ta taka gidan nan kada ta ƙara kula ni. Maigidana ya ce, "Haba, ita ma fa jikokinta ne." Na ce ya rufa min asiri ya tafi ofis ɗinsa, ba shi ya ga abin da na gani ba.

Ranar sadakar bakwai, da hantsi ina wanke-wanke, na ji sallama. Tsohuwar ce, ɗauke da kwanon gumba. Ta bi layin gida gida, kwanon yana nan cike taf, ba wanda ya karɓa. Na miƙe ina kumfar baki, na ce mu ba ma cin abin gidan nan.

Ta ce, "'Yar nan, ba tasa ba ce, ta yaran ce. Ni na daka da hannuna."

Ban miƙa hannu ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta dafa bango.

"An ce ke kika wanke ƙaramar. Ni ba a bari na gan su ba. Kitson kanta, an warware mata a hankali? Ni na yi mata shi, ba ta son a ja mata gashi."

Innalillahi! Ni na warware kitson nan, ina yi ina tsine wa gidansu, ban taɓa tunanin hannun wa ya yi shi ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce mata a hankali na yi, har na shafa mata ruwa kafin na sa tsinke. Ta gyaɗa kai, ta sunkuya za ta ɗauki kwanonta.

Na riga ta ɗauka. Na durƙusa a nan cikin ruwan wanke-wanke, na ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan su."

Sai ta waiwaya bayanta, tana duba ko da wata nake.