Wayar da Yayata Ta Bari

Shekarun baya, wata Laraba bayan la'asar, ina cikin adaidaita daga Unguwar Rimi zan koma gidanmu a Unguwar Shanu, sai na ga direban ya wuce kwanar da ya kamata ya shiga. Na buɗe baki zan yi masa magana ke nan, matar da ke zaune kusa da ni ta ɗora hannu a gwiwata ta matse. Ba irin taɓawar da mace take yi wa 'yar'uwarta ba ce. Nan take na gane ba lafiya ba. Har yanzu in ina ba da labarin nan sai in ji gwiwar ta yi sanyi, don haka ku yi mini haƙuri in na yi ta kwana-kwana.

Abin haushin, saboda matar nan na shiga. Na bar waɗansu adaidaita sun wuce don maza ne a ciki, da na hango mai hijabi har ƙasa na ce alhamdu lillahi, ga uwa. Kun ji wayo irin nawa.

Wayar da ke cikin jakata ba tawa ba ce tun asali, ta yayata ce. Ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, ta bar yarinya da ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Bayan an share makoki mijinta ya miƙo mini wayar ya ce in riƙe, shi ba zai iya kallonta ba. Ni da na gama sakandare ina fama da wata 'yar waya mai tsagaggen gilashi, sai ga ni da irin wadda matan manya ke riƙewa, mai ido uku a baya.

Gaskiya wayar ta yi. In ta ɗauki hoto har zaren mayafi sai kin ƙirga. In ta fitar da murya kamar mutumin yana zaune a gefenki. Na san lambar buɗe ta, don haka na sa fuskata, ta zama ba ta buɗuwa sai ta gan ni. Wani mai gyaran waya ya ce mini, "Hajiya, wannan ko ɓarawo ya ɗauka dutse ya ɗauka. In ba a cire akawun ɗin mai ita ba, ba ta sayuwa." Na dawo gida ina ta baza wannan magana kamar ni na ƙera ta. Akawun ɗin kuwa na yayata ne, ban san kalmar sirrinsa ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Tana da nata halin. Caji ba ya daɗewa, wayar cajinta kuma daban ce, ba a aron ta maƙwabta. Kullum sai ta aiko mini da wani saƙon Turanci cewa ma'ajiyarta ta intanet ta cika, ni kuwa in share shi in ci gaba da harkata.

Mahaifiyata ba ta taɓa son ta ba. "Wannan ba waya ba ce, kiran ɓarawo ce," in ji ta. "Ki bar ta a gida mana."

"Mama, to yarinyar fa?"

Sai ta ƙyale ni. Ta san duk Laraba nakan je in kunna wa ɗiyar yayata muryar uwarta. Akwai saƙonnin murya masu yawa a ciki, har da wanda take yi mata wasa. Yarinyar takan kama wayar da hannu biyu ta leƙa bayanta, tana neman inda uwar ta ɓuya. Daga can nake a ranar. Uban yana ofis, kakarta ta wajen uba na tarar.

A cikin adaidaitar nan, wani mutum da ke zaune gefen direba, wanda na ɗauka yaron direban ne, ya dawo baya, suka sa ni a tsakiya. Ya nuna mini bakin wuƙa daga cikin hannun rigarsa ya mayar. Matar ta ce, "Ƙanwata, sunkuyar da kai kamar mai ciwon ciki." Na sunkuyar. Na ji mun bar kwalta, na ji ƙarar motoci tana nisa. Da suka tsaya, wani kango ne a bayan gari, ba rufi, masara ta kewaye shi ta fi ni tsawo.

Mutumin ya ciro wayar ya kara mini a fuska. Tsoro ya sa na runtse ido, ta ƙi buɗuwa.

"Buɗe idonki, dan ubanki!"

Na buɗe. Ta gane ni da hawayen da komai, ta buɗe masa.

"Yauwa. Cire akawun."

"Wallahi ban san kalmar ba. Ta yayata ce, ta rasu."

Direban ya yi dariya. "Kowa muka ɗauko yayarsa ta rasu."

Mai wuƙar ya ɗauke ni da mari, har na ji gishirin jini a bakina. A nan na gane abin da mai gyaran waya bai gaya mini ba. Su ma ɓarayin sun san dutse ce in ba a cire akawun ba, shi ya sa ba sa fizgewa su gudu, sai su haɗa da mai ita. Da tsohuwar wayata ce, da tun a titi sun karɓe sun hankaɗo ni, da yanzu ina gida ina kukan banza.

Matar ta karɓi wayar tana dube-dube. Ban san me ta danna ba, sai muryar yayata ta cika kangon nan, tas, kamar tana tsaye a bakin ƙofa: "Ke, in za ki taho ki biya ki sayo mini awara mai yaji sosai. Kuma kar ki cinye a hanya, na san halinki." Sai dariyarta.

Matar ta dube ni.

"Da gaske ta rasu?"

Na gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙanta."

"Amin, na gode," na ce. Wallahi haka na ce, kamar a zaman makoki ta same ni. Har yau ina jin kunyar godiyar nan.

Ba ta sake ni don haka ba. Cewa ta yi, "Tana da miji ai. Kira shi ki tambaya. Ki yi magana daidai, in kika canza murya kin san sauran."

To ni da mijin yayata akwai wasa tsakaninmu tun ranar da ya fara zuwa zance gidanmu. Ban taɓa gaishe shi kamar mutum ba. Ina ɗaga waya sai in ce, "Marowaci, ina tsarabata?" shi kuma ya ce, "Sarkin kwaɗayi, an fara." Ko bayan rasuwar ba mu daina ba, kusan shi kaɗai ne abin da ya rage bai canza ba. Amma a ranar, da wuƙa a kusa da haƙarƙarina, duk ladabin duniya ya sauko mini.

"Salamu alaikum, Yaya, ina wuni? An wuni lafiya? Ya aiki?"

Ya ce, "Lafiya lau. Sarkin kwaɗayi, yau ba neman tsaraba?"

"Babu, Yaya, na gode. Dama kalmar sirrin akawun ɗin nan nake so, in ba damuwa."

Ba dabara na yi ba, kar ku ba ni wayon da ba ni da shi. Tsoro ne kawai. Na ji kamar an ja kujera, na ji ƙarar makullai. Da ya sake magana muryarsa ta sauya.

"Bawan Allah, na san kana ji na. Zan ba ku. Ku ɗauki wayar, halak malak. Yarinyar kawai kar ku taɓa."

Mai wuƙar ya fizge wayar. "To faɗi, Alhaji, kar ka ɓata mana lokaci."

"Bari in tuna, ta daɗe. Ka ba ni minti."

Ya yi ta jan su, ina jin injin mota a bayan muryarsa. Sai cajin wayar ya koma ja. Direban ya duba wayar cajinsa, ba ta shiga. Ya yi tsaki ya ce wayar masu kuɗi sai ci kamar gara. Mai wuƙar ya ce, "Alhaji, in ta mutu kafin ka faɗa, da ƙanwar taka za mu kwana." Na zauna a kan bulo.

Sai ya faɗa, harafi bayan harafi. Kafin ya kai ƙarshe na gane. Sunan tsokanar da yayata take kirana da shi ne tun ina yarinya, wanda in ta faɗa nake wuni ba na mata magana. Shi ta sa, da shekarar haihuwata a ƙarshe. A bakin ɓarawo na ji shi, yana maimaitawa yana dannawa.

Akawun ya fita. A gabana suka goge wayar, wani farin layi yana tafiya a hankali a kan baƙin gilashi. Awarar, wasan yarinyar, hotunan asibiti, duk suna cikin layin nan. Daga baya aka fahimtar da ni saƙon Turancin da nake sharewa: ma'ajiyar ta cika tun yayata tana da rai, muryoyin nan ba su taɓa hawa ko'ina ba. A cikin wayar kaɗai suke.

"Kar ki motsa sai an kira magariba," in ji matar. Ta gyara hijabinta, suka tafi.

Har yanzu in ƙawayena suna musun wace waya ce ta fi, nakan yi shiru. Wani lokaci su ce, "Ke da kika taɓa riƙe babba, faɗa mana." Me zan ce? Kullen da ake yabonta da shi, shi ya kai ni kango. Kyan muryarta ya sa na kasa barin ta a gida. Ba na ce kar kowa ya saya ba. Ni dai ƙarama nake riƙewa yanzu, kuma in mace ta matso kusa da ni a adaidaita sai in ce a sauke ni, ko ban kai ba. Ɗiyar yayata ta shiga makaranta. Ba ta tuna muryar. In ta ce in kwaikwaya mata, ina farawa sai in kasa ƙarasawa.

A kangon nan na zauna, sauro na cizona ban iya ko korarsa. Can na ji an fara kiran salla daga nesa, a lokaci guda kuma na ji ana ratsa masara, ƙafafu da yawa. Na ce sun dawo. Na cusa kai cikin gwiwa ina karanta duk abin da ya zo bakina.

"Sarkin kwaɗayi."

Na ɗago. Mijin yayata ne da kayan ofis, wandonsa duk taɓo, da waɗansu 'yan sintiri biyu a bayansa. Na ce ya aka yi ya san wurin. Ya nuna mini tasa wayar, taswira ce a buɗe. Ashe tun suna amarci yayata ta haɗa wayoyinsu, yana ganin inda take a matsayin ɗan ɗigo da sunanta a kai. Bai taɓa cirewa ba.

"Shi ya sa ban ba ki kalmar ba," in ji shi, bai dube ni ba. "In kika canza akawun, za ta ɓace. Duk Laraba ina ofis nakan ga ta tafi wurin 'yarta."

Na kalli taswirar. Tituna ne kawai da koren fili, ba ɗigo.

"Yaya, sun goge muryarta."

"Na sani." Ya cire hularsa ya share fuska da ita, ya mayar. "Ke dai kin tsira, sun yi nisa, ba mai sake taɓa ki. Tashi mu je, Mama tana bakin ƙofa tun ɗazu."