Jan Gilashin da Ya Tafi Neman Wata

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Laraba, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, mu uku ne a zauren gidanmu da ke Kusfa: ni, da yayata wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, da ƙanenmu Alhaji mai shagon kayan gini. Shi ya tara mu. Bai ko zauna ba. Yana tsaye yana kaɗa makullin mota ya ce ya gama magana da magina, ranar Asabar za a rushe zauren a ta da na bulo.

Ban yi masa musu ba, don gaskiyarsa ce. Tsagar da ke bangon arewa ta isa mutum ya zura hannu, azara ta ruɓe, ga hadari ya fara haɗowa kullum da yamma. Zauren ba zai ga ƙarshen wannan damina ba. Abu ɗaya na ce: kada a sa diga sai na ɗauki hoton fuskar zauren.

"Yaya, hoto ne matsalar? Ga waya," in ji shi. Ya fita, ya ɗaga wayar ya ɗauka, ya dawo ya miƙo mini. Na duba. Jar ƙasa ce kawai, da wasu dabbare-dabbare masu ruwan toka a saman ƙofa.

Na ce, "Ina alamun?"

Ya ce, "To ai sun goge."

Ba su goge ba, kuma dole in yi bayani a nan. Mahaifinmu magini ne. Shi ya gina zauren, ya shafe fuskarsa da makuba mai hana ruwa cin bango, ya zana babban dagi da shuni a saman ƙofa. Daga nan duk ɗan da aka haifa masa, ranar suna sai ya jingina tsani ya hau, ya ƙara alama ɗaya a ƙarƙashin dagin, daga dama zuwa hagu. Mu bakwai aka haifa. Huɗun farko duk sun koma tun suna goye, kafin a haifi yayata. Ba su da hoto, babu wanda ya san kabarinsu, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu babu mai ambaton su. Abin da ya rage nasu a duniya shi ne waɗannan alamu. Rana da ruwa sun sha shunin har ido ba ya raba shi da ƙasa, amma yana nan cikin bangon.

Ni mai hoto ne. Karatuna bai wuce firamare ba. Sana'ar na koya wurin wani dattijo a Wusasa, kuma har yau da fim na baƙi da fari nake aiki, ni nake wankewa da kaina. Fim irin wannan bai san launi ba, haske kawai ya sani. Jar ƙasa da shunin da ya koɗe, in haskensu ɗaya ne, toka iri ɗaya za su fito. Maganin haka shi ne gilashi mai launi da ake ɗaura wa idon kyamara, wanda muke kira filta. Ƙa'idarsa guda ce: kowane gilashi yana haskaka launinsa, yana duhunta wanda ya saɓa masa. Rawaya tana ɗan duhunta sama don gajimare ya fito. Ruwan goro ya fi ta ƙarfi. Kore na ganye ne da fuskar mutum. Ja kuwa shi ne ƙarshe: yana mai da jar ƙasa fara tas, yana mai da duk wani shuɗi baƙi, ko da ɗan ɓurɓushinsa ne ya rage. Da jan gilashi na fito da zanen zaurukan da masu su suka rantse mini babu komai a jikinsu.

Mai karatu zai ce me ya hana ni ɗaukar namu tun tuni. Tsari ne. Na fara ɗaukar zaurukan cikin birni daga Ƙofar Galadima, ina bi lungu bayan lungu, ba na tsallake gida, kuma na sa gidanmu ya zama na rufewa. Ban ga laifin wannan ba a lokacin, ban gani ba yanzu.

Na shiga ɗakina na buɗe gwangwanin da nake ajiye gilasan, kowanne a naɗe cikin ƙyallensa. Rawaya, ruwan goro, kore. Ƙyalle na huɗu babu komai a ciki.

Nan take na tuna. Shekarun baya na taɓa nuna wa ladanin masallacinmu cewa in ka kara jan gilashi a ido bayan faɗuwar rana, sama takan yi duhu, jinjirin wata ya fito fili. Tun daga lokacin duk ƙarshen Sha'aban yakan zo aro, ya riƙe har watan Sallah, ya dawo da shi. Bana bai dawo da shi ba, ni kuma hidimar Sallah ta sa ban bibiya ba.

Na same shi yana shara a harabar masallaci. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi nawa, ƙafata tana ta motsi.

"Malam, gilashina na zo karɓa."

"Wanne? Na ganin wata? Ai yana wurin tela na bakin kasuwa. Idonsa ya fi nawa, shi muka ba ya hau soro."

"Ka ba shi? Ba ka tambaye ni ba?"

Ya dogara tsintsiyar ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Malam. Abin taimakon addini a hana shi? Ai lada kake samu kana kwance."

Na juya na nufi kasuwa. A wurinmu abin aro ba ya tsayawa a hannun wanda ya ara. Yana wucewa ne, kowa da kyakkyawar niyya, kuma wanda ya bi sawu shi ake wa kallon marowaci.

Tela ba ya shago. Na jira har azahar, na koma gida, na kasa cin abinci, na sake dawowa. Da ya zo ya ce ai ya kai gida, mata sun ce su ma sai sun ga wata da shi. Nan aikin ya fi ƙarfina, don ba na shiga gidan mutum. Sai na koma na roƙi yayata.

"Yau kai ne da roƙo, mai hoto?" ta ce tana ɗaura gyale. "Kai da ko allura ba ka ba mutum sai ka faɗa masa ranar dawowa?"

"Yaya, ki taimaka. Asabar ta kusa."

"Na san Asabar. Ni na fara ganin alamun nan kafin kai."

Ranar Alhamis gaba ɗaya a zaurukan mutane na yi ta. Ita ta shiga, ni in tsaya a waje. In zauna a dakali, in tashi, in leƙa sama, in koma in zauna. Ita kuwa ba ta shiga gida ta fito da wuri: sai ta yi gaisuwa, ta yi barka da Sallah, ta yi jaje, ta ɗauki jariri. Daga gidan tela ta fito da ƙullin cincin da labarin cewa an ba surukarsa. Daga gidan surukar ta fito tana dariya har tana riƙe bango.

"Ka san me suke yi da shi? Wai yana maganin ciwon ido. Tsohuwar tana kara shi safe da yamma, ta ce ta ji sauƙi."

"Yana ina yanzu?"

"Bari mana in gama. Ta ce ka ci albarkacin iyayenka da ka mallaki abu mai albarka haka."

"Yaya, yana ina?"

Ta daina dariya. Ta ce wani mai kawo musu dawa daga ƙauye ya ga gilashin kwana biyu kafin Sallah, ya ce a garinsu kullum rigima ake kan ganin wata, aka ba shi ya tafi da shi. Sunan ƙauyen fa? Tsohuwar ta ce ta hanyar Soba ne. Ɗanta ya ce a'a, ta hanyar Giwa. Mutumin ba ya zuwa sai ya ga dama.

Safiyar Juma'a na zaga wurin masu hatsi ina kwatanta shi. Kowa ya san mai kama da shi, babu wanda ya san shi. Alhaji ya duba mini a wayarsa ko ana sayar da irin gilashin. Ya ce sai dai daga ƙasar waje, kuma bai ga mai bakin da zai hau tsohuwar kyamarata ba. A masallacin Juma'a ban san abin da aka yi huɗuba a kai ba, ina ta duban fuskokin baƙi.

Fuskar zaurenmu yamma take kallo, don haka rana ba ta zama a kanta daidai sai bayan la'asar. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta a tsakiyar lungu, masu babur suna ta yi mini hon. Daga gabas hadari ya taso baƙi ƙirin, iska tana kaɗa mini riga. Na fara da abin da nake da shi: na ɗaura ruwan goro, na ƙara wa fim haske yadda ya kamata, na ɗauka. Na haɗa ruwan goro da rawaya, na sake ɗauka. Ina cikin haka yayata ta fito da jar ledar alawa, ta goge ta a zaninta ta miƙo mini.

"Ga ja. Ja ai ja ne."

"Wannan ba kayan aiki ba ne."

"Naka kayan aikin yana ƙauye yana raba rigima. Karɓi."

Na karɓa. Ban taɓa zaton zan ɗaura ledar alawa a idon kyamarata ba, amma na ɗaura, ita ta riƙe mini gefe. Muna gamawa hadarin ya rufe rana. Aka yi yayyafi kaɗan, ya ɗauke.

Kafin magariba na toshe tagar ɗaki da bargo na wanke fim ɗin. Da asuba, Allah ya sa akwai wuta, na buga a takarda. Na ledar alawa ya fito kamar ana kallon bango ta cikin ruwan kwano. Launin ya rabu, amma babu layi ko ɗaya mai kaifi. Na ruwan goro ya fi. Dagin ya fito sosai. A hagu, alamar Alhaji, wadda ita ce ta ƙarshe kuma shuninta ya fi sabunta, ta fito ɓaro-ɓaro: ɗan tsani ne. Tawa, kamar ganyen dabino, ta fito rabi. Ta yayata inuwa ce kawai. Daga nan zuwa dama, inda huɗun suke, toka ce shimfiɗe, sai wani ɗan duhu nan da can da ke nuna akwai abu.

Magina suka iso da diga da shebur, Alhaji yana gaba. Na miƙa masa takardar.

"A'a! Ga tawa nan!" ya ce yana dariya. "Tsani ne ashe? Ni ban taɓa sani ba." Ya bi da yatsa zuwa dama, ya wuce tawa, ya wuce ta Yaya, ya tsaya a kan tokar. Dariyar ta tsaya. "Nan fa?"

Yayata ta ce, "Yayyenka ne. Ta farkon kamar tauraro take, Inna ta taɓa nuna mini. Sauran na manta."

Ya daɗe yana duban takardar. Sannan ya juya wurin babban maginin, dattijo ne da ya san aikin mahaifinmu, ya ce, "Baba, za a iya sauke baya da gefe, a bar fuskar nan tsaye?"

Dattijon ya zaga, ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar diga, ya kara kunne. Ya ce za a iya tokare ta da itace, a kifa kwano a kanta. "Amma Alhaji, in faɗa maka gaskiya, bango ba ya tsayawa shi kaɗai. Yayyafi za ta jure. Ranar da aka yi ruwa na sosai da iska, ko mu ba mu taɓa ta ba, za ta kwanta."

Haka aka yi. Yau fuskar zauren tana tsaye ita kaɗai a bakin lungu, babu ɗaki a bayanta, ƙofarta tana buɗewa kan tarin ƙasa. Kyamarata tana shirye da fim a ciki. Kullum bayan la'asar nakan fito in duba gabas, in duba bakin lungu, in koma ciki, in sake fitowa. Yayata ta ce na fi kaza mai neman wurin ƙwai zirga-zirga. Ladan yana cigiya bayan kowace sallah, kuma yanzu ba ya haɗa ido da ni.

Don haka ga roƙona. Gilashin ja ne, zagayayye, faɗinsa kamar bakin ƙaramin kofin shayi, da baƙin ƙarfe a kewaye, an ɗan ɓantare shi a gefe ɗaya. In yana garinku, ko ka ga an kara shi a ido ana duban sama, ko wata tsohuwa tana jinyar ido da shi, ka karɓo shi da girmamawa, babu wanda ya yi laifi. Ka kawo shi Kusfa, ka tambayi gidan da fuskar zaurensa ke tsaye babu zaure, kowa zai nuna maka. Aikin yamma ɗaya zan yi da shi, in watan azumi ya kewayo ni da kaina zan sake ba da shi aro. Amma ka zo da shi kafin ruwan sosai ya sauka.