Idon Malam Ubale

Shekara ashirin Malam Ubale ya yi yana shata layin filin tanis a Kaduna, kafin ya komo Damari ya kama noma. Duk damina, idan aka fara babbar gasar Landan, da wuri yake tashi daga gona ya nufi gidan kallon Shamsu. Idan ya sa aka kunna tanis ɗin, matasa sai su riƙa gunaguni, su ƙwallon ƙafa suke so.

Ran nan wani ɗan wasa ya doka ƙwallo, kowa ya ce ta shiga.

"Ta fita," in ji Malam Ubale, "da faɗin farce."

Da aka maimaita hoton, haka ne kuwa. Shamsu ya jawo mashi kujera gaba, ya ce, "Baba, koya muna wasan nan." Ranar wasan ƙarshe har bakin ƙofa aka cika.