Turmin Maƙwabciya da Kunnen Abba

Abin da na fara lura da shi ranar da na sauka gidan yayata a unguwar 220 Logements, cikin Adjamé, shi ne daɓen ɗakin yana motsi. Maƙwabciyarmu ce, wata 'yar ƙabilar Baule da kowa ke kira Tanti, take dakan futu, irin sakwarar can, a barandar da muke tarayya, kuma kowane bugun taɓarya sai na ji shi a tafin ƙafata. Shekarata goma sha huɗu, an kawo ni daga Bouaké don in ci gaba da makaranta. Yarinya ce ni mai tsananin kunya, ko a aji malami ya yi tambayar da na sani, sai in sunkuyar da kai. Ido ne da ni, amma ba baki.

Yaya tana da ɗa ɗaya, zan kira shi Abba don sunan kakansa ya ci. Ya yi zama da wuri, ya yi rarrafe, kafin shekara ya miƙe yana tafiya. Yaya tana faɗa wa duk wanda ya shigo watan da ya yi kowanne. Magana ce kawai ta ƙi zuwa. Ya shekara biyu ko Mama bai ce ba. Kowa kuma da bayaninsa a shirye: yaron da uwarsa ke yi masa Hausa, abokan ubansa Faransanci, mai shago Jula, Tanti Baule, ai dole harshensa ya rikice. Idan wani ya ce ko dai kunne ne, sai Yaya ta yi dariya ta ce a jira Tanti ta fara daka. Da an buga taɓarya kuwa, Abba zai waiwaya ya ruga baranda. Yaya kan ce kurma ba ya jin turmi.

Ni ce mai goya shi idan na dawo daga makaranta, kuma a bayana na gane abin da ba wanda ya gane. Idan muka tsallaka titi motocin hayan nan da ake kira gbaka suka danna oda har ni kaina na razana, Abba ko motsi ba ya yi. Idan Tanti na daka yana goye, ba ya waiwayawa. Sai in yana zaune a ƙasa yake waiwayawa. Ashe ba jin turmin yake ba, motsin daɓen ne ke taɓa jikinsa, kamar yadda ya taɓa ƙafata ranar farko.

Nan ne laifina, kuma har yau yana cin raina. Wata bakwai na riƙe wannan a ciki. Ina cin abincin gidan, mijin Yaya ke biya mini makaranta, da wane baki zan ce ɗansu ɗaya tilo ba ya ji? Sau uku na tsaya ƙofar kicin da niyyar faɗa, sau uku na ce ruwa na zo sha.

Sai mijin Yaya, dillalin shanu ne, ya yanke shawara: za a kai Abba ƙauye wajen kakarsa, can arewa, ya shekara biyu yana jin Hausa zalla har bakinsa ya buɗe. Yaya ba ta musa ba, amma na ga tana ninke 'yan rigunansa tana share hawaye da gefen zane. Ana jibi tafiya, da la'asar, na ɗauko faranti da ludayi. Na zaunar da Abba kan katifa ya ba mu baya, na roƙi Yaya da mijinta su duba. Na buga farantin har Tanti ta leƙo tana tambayar wa ya mutu. Abba bai juyo ba. Na sauke shi ƙasa, na ɗauki taɓarya na daki daɓen a hankali. Nan take ya waiwayo yana dariya.

Mijin Yaya ya fara faɗa, wai yaushe na zama likita. Bai ƙarasa ba ya karɓi farantin ya buga da kansa, sau biyu, sannan ya ce an fasa tafiya ƙauye. Washegari muka wuce asibiti a Treichville. Likita ya ce ruwa ne ya daɗe da taruwa bayan dodon kunnen, kuma da an kai shi ƙauye ya ƙara shekara biyu, da maganar ta yi masa wuya ƙwarai. Aka yi masa ɗan aiki. Kunnen hagu bai dawo duka ba, na dama ya buɗe.

Makon farko kuka ya yi ta yi, komai na ba shi tsoro, har kiran salla. Bayan wata uku, ina goye da shi a bakin titi, masu gbaka na ta kiran fasinjan tashar Adjamé, sai na ji murya a bayan wuyana ta ce, "Jame! Jame!" Da gudu na hau bene. Yaya ta sa shi ya maimaita har ya gaji, tana kuka tana dariya, tana cewa duk wahalar da ta sha, sunan tasha ya fara kira kafin nata. Tanti ta ce a bar shi, ɗan Adjamé ne na gaske. Yau Abba harsuna uku yake yi, kuma ba ya gajiya da surutu.

Iyaye, kada ku bari bayani mai daɗin ji ya hana ku gwadawa, kuma ku tambayi wanda ke goyon ɗanku abin da yake gani. Ni na koyi cewa kunyar da ke cutar da yaro ba tarbiyya ba ce. Da na haifi 'yata ta fari, ƙanwar mijina ce ta zo taya ni raino, yarinya mai sunkuyar da kai kamar ni a da. Ranar suna na ja ta ɗaki na kama hannunta, na ce, "Ƙanwata, duk abin da kika gani a jikin yarinyar nan, don Allah ki faɗa mini a ranar, ko da zan yi miki faɗa."